Ranar da Aka Ce Calvin Johnson Bai Cafe Ba

Kwana biyu da ƙaramar salla ne, ranar Lahadi 12 ga Satumban 2010. Muna zaune a falon Baba a birnin Detroit, ragowar naman salla na kan tebur, talabijin a kunne. Baba mutumin zangon Kumasi ne. Ya shigo Amurka tun shekarun 1980, ya yi aiki a masana'antar mota har ƙarfi ya fara ja baya, sannan ya koma tuƙin tasi. Ba dangin iya ba na baba tsakanina da shi. A ƙofar masallacin Juma'a ya ji ina waya da gida da Hausa, ya jira har na gama, ya ce, "Ɗana, daga ina?" Tun daga ranar gidansa ya zama gidana, kuma a falon nan ya koya mini zari-rugar Amurka, wasan da farkon zuwana nake ganinsa kamar dambe da kokawa aka haɗa aka jefa musu ƙwallo.

Da 'yan kalmomi ya fayyace mini shi. Mutum goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can, a fili mai tsawon yadi 100, kowane ƙarshe da gidan ci mai zurfin yadi 10. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ko dai mutum ya rungume ta ya ruga, ko madugun ƙungiya ya jefa ta gaba wani ya cafe. Wanda ya shiga gidan ci da ita ya kawo maki shida. Duk sauran dokokin sai da na yi wata da watanni kafin su zauna mini, amma cafewa ban taɓa tambayar kowa ma'anarta ba. Yaron da aka taɓa jefa wa lemo daga kan katanga ya san abin da ake nufi da cafewa.

Ƙungiyar garin, Lions, tana cikin shekarunta na baƙin ciki. A 2008 ta buga wasa 16 ta sha kashi a duka 16. A 2009 biyu kacal ta ci, a shekarar da manyan kamfanonin motar garin biyu suka durƙushe. Rabonta da cin wasa a gidan wani tun 2007. Amma tana da Calvin Johnson, dogo mai ƙafa shida da inci biyar, mai lamba 81, wanda in aka jefa ƙwallo sama kusa da shi to sai dai masu tsaro su yi addu'a. Ranar nan a Shikago ake wasan, da Bears, wasan farko na kaka. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci aka ji wa madugun Lions, Matthew Stafford, ciwo a kafaɗa, aka sa Shaun Hill a gurbinsa.

Saura daƙiƙa kamar talatin a tashi, Bears na gaba da 19 da 14, Hill ya ɗaga ƙwallo daga yadi 25 zuwa kusurwar dama ta gidan ci. Johnson ya yi tsalle ya wuce kan mai tsaronsa, Zack Bowman, ya kama ta da hannu biyu a sama. Ƙafarsa ɗaya ta sauka, ta biyu ta sauka, ya faɗi zaune, ƙwallon tana damƙe a hannunsa na dama. Ya juya zai miƙe, ya dafa ƙasa da hannun da ke riƙe da ita, ya bar ta nan a kan ciyawa ya ruga murna. Alƙalin da ke kusa ya ɗaga hannu biyu sama, alamar an ci.

Ban taɓa ganin Baba ya miƙe da sauri irin na ranar ba. Hularsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba. Hajiya ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya. Ana cikin haka muka ga alƙalai sun haɗa kai, sai aka ce jifan ya lalace, bai cafe ba. Aka tafi duba bidiyo, aka dawo, babban alƙalin wasan, Gene Steratore, ya tabbatar da hukuncin. Baba yana tsaye a tsakiyar falo ya juyo gare ni.

"Ɗana, kai ma ka gani, ko idona ne?"

"Na gani, Baba. Ya cafe."

"To, me kuma suke nema?"

Shekara bakwai da rabi Amurkawa suka yi suna wannan tambayar, a gidajen rediyo, a shagunan aski, a teburin cin abinci. Abin da dokar NFL, hukumar wasan, ke nema a lokacin shi ne: ɗan wasan da ke faɗuwa yayin da yake cafewa, dole ƙwallon ta zauna a hannunsa har ya gama faɗuwar gaba ɗaya. In ta kuɓuce ta taɓa ƙasa kafin nan, kamar bai taɓa kama ta ba. Suna kiran wannan kammala aikin cafewa. A wurin alƙalai, juyawar da Johnson ya yi da dafa ƙasan duk cikin faɗuwa suke. A wurin Baba da ni da miliyoyin masu kallo, mutum ne ya gama aikinsa yana tashi. A ranar ce kuma tashar Fox ta fara sanya Mike Pereira, tsohon shugaban alƙalan NFL, yana fassara doka kai tsaye, kuma tun kafin Steratore ya dawo ya faɗi abin da za a yanke. Daga nan sauran tashoshi suka bi sahu. Abin ya dame ni tun a lokacin: wasa ya kai inda sai an ɗauko masani ya gaya wa mai kallo ko abin da idonsa ya gani ya faru.

Na daɗe ina ganin dokar wauta ce tsantsa. Da na zauna na bi asalinta sai na ga tana da dalili, kuma adalci ne a faɗe shi. A wannan wasa, rabon ƙwallon da ta faɗi ƙasa ya dogara ga abin da ya faru kafin faɗuwarta. In ba a cafe ba, ƙwallo ta mutu, a koma inda aka taso, masu jifa sun yi asarar dama ɗaya kawai. In kuwa an cafe sannan ta suɓuce, to tana raye, duk wanda ya riga faɗa mata tasa ce, kuma suɓucewa ɗaya kan juya wasa. Saboda haka in aka sassauta ma'anar cafewa, duk ƙwallon da ta ɗan tsaya a hannu kafin a bangaje mai ita ta zama ganima. Masu tsara doka sun ji tsoron wannan. Sun kuma so layi bayyananne wanda alƙali a Shikago da alƙali a Dalas za su gani iri ɗaya: ya tashi da ƙwallo a hannu ko bai tashi da ita ba? Ƙasa ce shaida, ba a buƙatar kowa ya auna niyya ko ya ƙiyasta lokaci.

Matsalar ita ce wannan layin ya ci karo da wata doka da kowa ya sani. Mai gudu da ƙwallo, da zarar hancinta ya taɓa layin gidan ci, an ci, magana ta ƙare. Ko ta fice daga hannunsa bayan ƙiftawar ido ba ruwan kowa. To, mutum biyu za su yi abu ɗaya a wuri ɗaya, ɗaya a ba shi maki shida, ɗaya a ce bai ma kama ba, bambancin kawai ko alƙali ya ɗauke shi mai gudu ne ko mai faɗuwa. Ƙiyasin alƙali da aka ce an kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga, kuma ya dawo a wurin da ido ba ya iya rabewa.

In aka waiwaya baya sosai, jifan gaba ma baƙo ne a wasan. Sai a 1906 aka halatta shi, bayan kakar 1905 da aka yi asarar rayukan 'yan wasa aƙalla 18, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa ya matsa a gyara. An kawo jifa ne don a warwatsa cunkoson da ke karya mutane. Da farko ma an ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsanani, har ƙwallon da ta faɗi ƙasa ba wanda ya taɓa ta takan koma ta abokan karawa. A 1913 Notre Dame ta doke ƙungiyar makarantar sojojin Amurka da 35 da 13, Gus Dorais na jefawa Knute Rockne na cafewa, mutane suka ga abin da jifa zai iya yi. A 1933 NFL ta yarda a jefa daga ko'ina a bayan layin farawa. Duk tsawon shekarun nan, cafewa abu ne da alƙali ke gani sau ɗaya, da gudun da ya faru, ya yanke, a wuce. Ana yin kuskure, ana zagi, amma ba a yi ta gardamar ma'anar kalmar ba.

Baba kan ba ni misali da wasan ƙarshe na Super Bowl na Janairun 1978, wanda shi ma a tsohon faifai ya gani. Roger Staubach na Dalas ya jefa daga yadi 45, Butch Johnson ya miƙe a iska kamar mai nutso ya kama ta da yatsu, ya faɗi cikin gidan ci, yana mirginawa ƙwallon ta rabu da shi. Alƙali ya ɗaga hannu. Har yau ana nuna ta cikin cafewa mafi kyau a tarihin gasar. Da dokar 2010 aka auna ta, da wuya ta tsira.

Kyamara ce ta sauya al'amarin. A Janairun 1980, a wasan da zai kai mai nasara Super Bowl, Mike Renfro na Houston ya kama ƙwallo a ƙarshen gidan ci a Pittsburgh, alƙalai suka ce a'a, talabijin ta yi ta maimaitawa masu kallo suna ganin ƙafafunsa a ciki. Mutumin da ke kishingiɗe a gida ya fi alƙalin da ke fili gani, kuma ba hukumar da za ta jure wa haka har abada. NFL ta fara duba bidiyo a 1986, ta ajiye bayan kakar 1991 saboda ɓata lokaci, ta dawo da shi a 1999. A ƙarshen wannan kakar ta farko aka ga abin da kyamara za ta haifa. Ranar 23 ga Janairun 2000, Tampa Bay na bin St. Louis Rams da 11 da 6, saura ƙasa da minti ɗaya, Bert Emanuel ya yi nutso ya kama ƙwallo da hannu biyu gam. Ba wanda ya yi ƙorafi a fili. Amma da aka rage gudun hoton sai aka ga hancin ƙwallon ya shafi ƙasa, duk da ba ta motsa a hannunsa ba. Aka soke. Rams suka wuce har suka ɗauki kofi. Bayan kakar aka gyara doka, aka ce ƙwallo na iya taɓa ƙasa muddin tana damƙe, har ake kiran gyaran da sunan Emanuel.

Daga nan aka shiga faci a kan faci. Kowace kyamara sabuwa ta nuna wani ɗan motsi da ido bai taɓa gani ba, kowane motsi ya nemi jimlarsa a littafin doka, kowace jimla ta haifi wata gardama. Abin da na fahimta, bayan shekaru ina kallo, shi ne cafewa aiki ne guda da jiki ke yi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. In ka yanyanka shi hoto-hoto, ba za ka sami hoton da ba motsi a cikinsa ba. Fatar ƙwallo na lotsawa, yatsu na gyara riƙo, gwiwar hannu na bugun ƙasa. Duk cafewar da aka taɓa yi a duniya haka take, sai dai da ba a iya gani. An sami idon da ya fi na mutum, sai aka ɗauka duk abin da ya hango laifi ne. Garin neman gira aka rasa ido.

Na riga na dawo gida lokacin da ta Dez Bryant na Dalas ta faru, ranar 11 ga Janairun 2015. A kwamfuta na kalla, bayan sallar isha'i, sanyin hunturu na kaɗawa a Kano, su kuwa can a filin Lambeau na Green Bay numfashin 'yan wasa na fita kamar hayaƙi. Rabon Dalas da buga wasan sili-ɗaya-ƙwale a filin nan tun ranar ƙarshe ta 1967. Packers, ƙungiyar Green Bay, na gaba da 26 da 21, saura minti huɗu da 'yan kai, Cowboys na Dalas na kan damarsu ta huɗu, yadi biyu suke nema daga yadi 32. Kowa ya zaci gajeren jifa za a yi. Madugun Cowboys, Tony Romo, ya ga Bryant shi da Sam Shields su biyu a gefen hagu, ya saki ƙwallo can nesa.

Na kalli abin da ya biyo baya ya fi a ƙirga. Bryant ya tashi sama ya ɗauke ta daga kan Shields. Ya sauko, taku ɗaya, biyu, uku, yana tuntuɓe da ƙafar Shields. Ya mayar da ƙwallon hannunsa na hagu, ya tokare ƙasa da ƙafa, ya miƙa hannun zuwa layin ci. Hannun ya bugi ƙasa saura kaɗan ya kai, ƙwallon ta yi tsalle, ya mirgina ya sake kama ta. Alƙalin fili ya ce ya cafe, a ajiye a yadi ɗaya. Kocin Green Bay, Mike McCarthy, ya jefa jan ƙyallensa ya nemi a duba. Babban alƙalin wasan kuwa Gene Steratore ne, wanda ya yanke ta Johnson. Ya shiga ƙarƙashin rumfar bidiyo, yana magana da ofishin NFL a Niyok inda Dean Blandino ke shugabantar alƙalai, ya fito ya soke. Dalas ba ta sake taɓa ƙwallo ba har aka tashi.

Wannan ta fi ta Johnson ci mini rai, domin abin da aka hukunta Bryant a kai shi ne ƙwazonsa. Da ya rungume ƙwallon a ƙirji ya dunƙule ya faɗi, da an ce ya cafe. Miƙa hannun da ya yi, wanda shi ne babbar shaidar cewa ƙwallon na ƙarƙashin ikonsa, shi ya jawo masa. Ba mai miƙa abin da bai riƙe ba. Gaskiya ne ko an bar masa, madugun Packers, Aaron Rodgers, na da sauran minti huɗu, kuma ba wanda zai rantse Dalas za ta ci. Amma da a fili za a raba gardamar, tsakanin 'yan wasa, mu gani da idonmu.

Mutanen Detroit da yawa sun yi murna a daren. Mako ɗaya kafin nan Dalas ce ta fitar da Lions da 24 da 20, bayan alƙalai sun jefa tutar laifi a kan wani mai tsaron Dalas, har an sanar, sannan suka ɗauke ta. Sai ake cewa alhaki ne. Wajen ƙarfe goma da rabi wayata ta yi ƙara, Baba ne. Na zaci dariya zan ji.

"Ɗana, ka kalla?"

"Na kalla, Baba. An rama muku."

"Ba a rama mana komai ba. Yaron nan ya cafe. Abin da aka yi mana shi aka yi masa, kuma ba daɗi ko a kan maƙiyi."

Bayan kakar hukumar ta sake rubuta jimlolin, ta cire wasu kalmomi ta sa wasu, ma'ana na nan yadda take. Gyaran gangar Auzinawa. A 2017 aka mayar da hukuncin ƙarshe na bidiyo ofishin Niyok, a hannun Al Riveron, kuma a kakar nan abin ya kai maƙura. A Oktoba, a New Orleans, Zach Miller na Bears ya kama ƙwallo a gidan ci, gwiwarsa ta goce har jijiyar jini ta tsage, likitoci suka yi aikin gaggawa don ceto ƙafar. Yana kwance a ƙasa cikin wannan azaba ƙwallon tana jikinsa, amma aka duba aka soke. Bai sake buga wasa ba. Sai ranar 17 ga Disamba a Pittsburgh, Steelers, masu gida, na bin New England Patriots da 27 da 24, saura ƙasa da rabin minti. Jesse James ya kama ƙwallo dab da layi, gwiwarsa ta sauka, ba wanda ya taɓa shi, ya juya ya miƙa ta ta haye layin ci, hannayensa suka bugi ƙasa ta ɗan juya. Filin ya kaure da ihu. Masu sharhi na CBS ma sun ɗauka an gama, ɗaya daga cikinsu kuwa Tony Romo ne, wanda ya bar wasa ya koma sharhi. Alƙali Tony Corrente ya fito ya ce ƙwallon ba ta tsira daga ƙasa ba. Jim kaɗan aka tare jifan madugun Steelers, Ben Roethlisberger, a gidan ci. Ƙungiyoyin biyu suka gama kaka da nasara 13 kowacce, amma wannan wasan ya ba Patriots fifiko.

Asarar da ta fi kowace girma a wurina ba a allon maki take ba. Tun 2011 kowane ci sai an duba shi a bidiyo kafin ya tabbata. Da na ziyarci Baba a 2016, na lura ya daina miƙewa. Lions za su ci, gidajen maƙwabta su ɗauki ihu, shi kuwa yana zaune, tafukansa a kan gwiwa, idonsa a kan alƙali. Sai an tabbatar ya ce "Alhamdu lillahi" a hankali, a lokacin kuwa zafin abin ya huce. Mutumin da hularsa ta faɗi a 2010 ya koyi jira. Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a garuruwanmu sun san wannan jiran yanzu, tun da na'urar VAR ta shigo. Duk wanda ya kalli wasan Najeriya da Ajantina a Rasha ranar 26 ga Yunin 2018 zai tuna yadda ƙwallo ta sauko daga kan Marcos Rojo ta taɓa hannunsa, alƙali ya je ya duba allo ya dawo ya ce a ci gaba. Har yau ana gardamar wane taɓa hannu ne laifi, kamar yadda Amurkawa suka yi ta gardamar wane kamu ne cafewa. Su sun riga mu shiga wannan ramin da kusan shekara ashirin.

Ban ɗora wa alƙalan laifi ba, kuma ina ganin an zalunci Steratore a bakin mutane. Abin da aka rubuta ya karanta. Allah kuwa ya sa shi ne ya busa wasan Super Bowl na 4 ga Fabrairun 2018 a Minneapolis, tsakanin Philadelphia Eagles da Patriots. Na raba dare ina kallo. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, Eagles na baya da maki ɗaya, Nick Foles ya jefa wa Zach Ertz. Ya kama, ya taka, ya taka, ya taka, ya yi nutso ta kan Devin McCourty ya haye layi, ƙwallon ta bugi ƙasa ta yi sama, ya sake kamawa. Gabana ya faɗi, don na ga Bryant da James a cikin hoton nan. Aka daɗe ana dubawa. Steratore ya fito ya ce Ertz ya riga ya zama mai gudu, ci ya tabbata. Eagles suka ɗauki Super Bowl ɗinsu na farko da 41 da 33. Hukuncin daidai ne, amma tazarar da ke tsakaninsa da na Bryant ba ta kai kaurin gashi ba, kuma a kan wannan gashin aka rataya kofin shekara guda. Wasan ƙarshe ke nan da Steratore ya busa a NFL. Ya ajiye usur ya koma CBS yana fassara doka.

Kafin wasan ma shugaban hukumar, Roger Goodell, ya faɗa a bainar jama'a cewa yana son a sake dokar daga tushe. John Mara, ɗaya daga masu New York Giants kuma ɗan kwamitin dokoki, ya fito ya ce kwamitin ya yarda ta Johnson da ta Bryant kamata ya yi a ce cafewa ne. Ranar 27 ga Maris 2018, a taronsu na Orlando, masu ƙungiyoyi 32 suka kaɗa ƙuri'a ba ko ɗaya da ya ƙi. Sabuwar dokar abu uku take nema: ƙwallo ta zauna a hannu, ƙafa biyu ko wata gaɓa ta jiki ta sauka cikin fili, sannan mutum ya yi wani motsi irin na mai ƙwallo, kamar taku na uku ko miƙa ta gaba, ko dai ya riƙe ta tsawon lokacin da zai iya yin haka. Gardama ba ta mutu ba. Wanda ya faɗi kafin ya cika na ukun har yanzu sai ya riƙe ta har ƙasa, kuma auna wannan lokacin sai da idon mutum. Amma na fi yarda da haka. An koma an amince cewa alƙali zai duba ya auna, kamar yadda aka yi shekara da shekaru, kuma miƙa hannu ya koma shaidar riƙo. Suɓucewar da aka yi ta tsoro kuwa ba ta mamaye wasan ba.

A lokacin Johnson ya yi shekara biyu da barin wasa. Bryant kuwa, bayan mako biyu da 'yan kwanaki Cowboys suka sallame shi. Washegarin ƙuri'ar na kira Baba, na same shi a mota yana jiran fasinja a filin jirgi. Na zayyana masa sharuɗɗan uku ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa har sunan Johnson an ambata. Ya yi shiru, ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"To, maki shidan namu fa?"

"Ba za su mayar ba, Baba. Littafi na nan a 19 da 14."

"Na sani, ɗana. Tambaya kawai na yi." Ya ɗan ja numfashi. "Bari Satumba ta zo mu gani, ko zan iya miƙewa kamar da. Ka gaida mutan gida. Ga fasinja nan ya iso."